"Sai ta cika": wahalar ma'aikaci a tashoshin Tasawa da Mayahi

Kowa ya je tashar motar Tasawa ranar Litinin da asuba, tun gari bai gama wayewa ba, zai tarad da waɗansu mutane da ba su yi kama da ƴan kasuwa ba, ba su kuma yi kama da masu doguwar tafiya ba. Ba su da buhu, ba su da akuya a igiya. Wani yana riƙe da jakar littattafan ƴan makaranta da ya kwana yana dubawa. Wata ta naɗe farar rigarta ta likita cikin leda don kada ƙura ta ɓata ta. Wani kuwa rajistar haihuwa ce ta komin a hammatarsa. Waɗannan su ne malaman makaranta da malaman likita da ungozomomi da malaman gona da sakatarorin komin, waɗanda iyalinsu ke cikin gari, aikinsu kuwa yana ƙauye. Dukansu tambaya ɗaya suke yi wa ɗan kamasho: "Malam, yaushe za ta tashi?" Amsar kuwa ɗaya ce, ba ta sake ba tun zamanin Peugeot 404 mai tanti har zuwa zamanin Hiace mai kujera 19: "Sai ta cika."

Abin da ake ji a Tasawa shi ake ji a tashar Mayahi. Wannan ƴar magana ita ce tushen wahalar ma'aikacin da ke zuwa aiki a motar haya. Gwamnati ta aza masa agogo, ta ce ƙarfe 8 ya kasance a bakin aikinsa. Motar da za ta kai shi kuwa ba ta san agogo ba, kujera take ƙidayawa. Muddin ba a daidaita waɗannan biyu ba, faɗa da gargaɗi da takardar neman bayani ba za su hana makara ba.

Ƙasa mai faɗi, babbar hanya ɗaya

Gundumar Tasawa da ta Mayahi suna cikin masu yawan jama'a a jihar Maradi. Ƙidayar 2012 ta sami sama da mutum dubu 500 a kowace ɗaya daga cikinsu. Tasawa tana da komin 7, Mayahi tana da 8, kuma kowane komin yana da makarantu da ɗakunan shan magani warwatse cikin ƙauyuka masu yawa. Garin Tasawa yana bisa hanyar ƙasa mai lamba 1, kimanin kilomita 120 gabas da Maradi, kusan tsakiyar tafiya tsakanin Maradi da Damagaram. Wanda aka aike Maijirgi ya yi dace, domin yana bakin kwalta, motoci suna wucewa dare da rana. Amma wanda aka aike wani ƙauye na ƙasar Urafan a arewa, ko na Korgom da Hawandawaki a kudu wajen iyakar Nijeriya, da zarar ya bar hanyar mota sai ya shiga rairayi. Mayahi kuwa ba ta bisa babbar hanyar ma sam. Wanda ya taso daga Maradi sai ya rabu da ita a Cadawa ya nufi arewa. Daga Mayahi zuwa ƙauyukan Kanambakashe, ko na Isawan, ko na Gidan Amumun, ko na Mairairai, tafiya ce ta hanyoyin karkara, waɗansu kuma sai an ƙetare kwarin Gulbin Kaba.

Mai karatu zai ce: me ya hana ma'aikaci zama inda aka aike shi? Dalilan sanannu ne. A ƙauyuka da yawa ba gidan haya, ba kuma gidan da aka gina don malami. Malamai mata sun yawaita, mafi yawansu kuwa matan aure ne da mazajensu da ƴaƴansu ke cikin gari. Wani yana da ɗa a makarantar gaba da firamare, wadda babu ita a ƙauyen. Albashi ma a gari ake karɓarsa. Saboda haka na kusa suna zuwa su komo kowace rana, na nesa kuwa su tafi Litinin su komo Juma'a. Dukansu, in ban da masu babur na kansu, a hannun tasha suke.

Yadda safiya ke tafiya

Ma'aikaci ya fito da wuri, ya biya kuɗinsa, ya zauna. Shi ne na 5 ko na 6 a cikin mota. Direba ya tada inji, ya danna oda, ya ɗan gusa gaba, kowa ya gyara zama. Can kuma a kashe inji, ashe dabarar jawo fasinja ce. Rana ta ɗago, ƙarfe 7 ya wuce, saura mutum 4. Da motar ta cika sai a shiga ɗaurin kaya a bisa. Da aka gama ɗauri sai a tuna ba a sha mai ba. Layin da aka yi don mutum 3 an cusa 4, ga kaji a ƙarƙashin kujera, ga buhun gero a kan ƙafa. Farar rigar da aka yi wa guga da dare ta riga ta yamutse tun ba a fita gari ba.

A hanya kuma ga tsaye-tsaye: a sauke wannan, a ɗauki wancan, a tsaya shingen jami'an tsaro a nuna takardu. In taya ta fashe, sau da yawa ta sauyi ma ba ta da iska. In an shiga rairayi mota ta kafe, sai kowa ya sauka ya tura, da malami da ɗan kasuwa ba bambanci. Kowane lokaci na shekara da irin tasa azaba. Da bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40, mota kuwa ta zama tanda. Da ɗari ƙura da sanyi ke shiga ƙirji. Da damina, tun daga Yuni, lokacin da ake jarrabawa, har zuwa Satumba, lokacin da masassarar cizon sauro ke cika ɗakunan shan magani, ruwan dare ɗaya ya isa ya yanke hanya, a zauna bakin ƙorama ana jiran ta janye.

Komowa ta fi zuwa wuya. Ƙauyuka da dama ba su ganin motar haya sai ranar kasuwarsu ko ta maƙwabta, watau sau ɗaya a mako. Sauran ranaku, wanda ya tashi aiki da marece sai ya tsaya bakin hanya yana sauraron ƙarar inji, ko ya roƙi mai amalanke ya rage masa hanya. Wannan ne ke sa waɗansu su sallami yara kafin lokaci, ko su rufe ɗakin magani tun la'asar ba ta yi ba, don kada mota ɗaya tilo ta wuce su. Ashe ke nan aikin gwamnati ana gutsure shi ta kai, ana kuma gutsure shi ta wutsiya.

Lissafin mai mota

Gaskiya ita ce direba ba mugu ba ne. Mafi yawan direbobi motar ba tasu ba ce. Mai ita yana jiran kuɗinsa kowace rana. Akwai kuɗin tasha, da na sandika, da na peyaji in an hau kwalta, da na yaron mota, ban da taya da gyara, waɗanda hanyar rairayi ke ninkawa. Man da mota za ta sha da mutum 8 kusan shi ne za ta sha da mutum 19. In ta tashi da rabi, direba ya yi aikin banza, watakila ma ya ci bashi. Don haka jiran da yake yi lissafi ne, kuma lissafin daidai yake.

Sha'anin mai ya ƙara tsananta lissafin. Matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, da ƙarfin ganga dubu 20 a rana. Duk da haka, shekara da shekaru yankin Maradi ya dogara da man Nijeriya mai araha, wanda ake shigowa da shi a jarka a sayar a kwalba bakin hanya. Da gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, man kwalba ya yi tsada, kuɗin mota da na babur suka hau. A watan Yuli 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin litar esansi daga sefa 540 zuwa 499, watau dala 100 ba tamma 1, abin da ya ɗan sa aka numfasa. Amma a watan Maris 2025 an yi ƙarancin mai a ƙasa, aka ga dogayen layuka a gidajen mai. Duk sanda irin wannan ta faru, direba yakan ƙara kuɗi, ya kuma ƙara jira. Albashin ma'aikaci kuwa yana nan inda yake.

Saura kabu-kabu. Shi ba ya jiran kowa, yana kuma shiga inda mota ba ta shiga, shi ya sa ya zama abin dogaron karkara. Sai dai mutum ɗaya ke biyan man tafiya duka, don haka kuɗinsa ya ninka na mota. Malamin kwantaragi da zai hau shi safe da marece, kwana 5 a mako, kafin ƙarshen wata zai ga hanya ta cinye abincin gidansa. Ga kuma haɗari: rairayi mai zamewa, ba hular kwano, malama da goyo a baya. Waɗanda suka gaji sukan ci bashi su sayi babur nasu, su yi shekaru suna biya.

Me ya sa abin yake haka?

Sufurin wannan yanki tun asali ba don mai zuwa aiki aka tsara shi ba. A zamanin gyaɗa, lokacin da aka kafa SONARA a 1962 don sayen gyaɗar manoma, abin da ake so shi ne hanyar da babbar mota za ta bi ta kwashe buhuna bayan kaka. Kamfanin sufuri na ƙasa, SNTN, wanda aka kafa a shekarun farko na mulkin kai, aikinsa shi ne haɗa manyan garuruwa da Yamai. Motocin karkara kuwa kasuwa suke bi tun fil azal. A wancan lokaci tsarin ya isa, domin makarantun karkara kaɗan ne, malamin da aka aike kuma a can yake tarewa. Yanzu makarantu da ɗakunan magani sun bazu har cikin ƙananan ƙauyuka, an kuma kafa komin-komin da zaɓen 2004, ma'aikata sun ninka. Amma tasha tana nan bisa tsarinta na ɗan kasuwa, wanda in ya makara awa ɗaya bai yi hasarar kome ba sai ɗan ciniki.

Akwai abin lura a nan. Manyan motocin kamfanoni da ke ratsa Tasawa tsakanin Damagaram da Yamai suna da tikiti, suna da lokacin tashi, kuma jama'a sun saba da haka: tsohuwar da ba ta taɓa ɗaura agogo ba ta san in ta makara mota za ta bar ta. Wannan ya nuna ƙaryar masu cewa mutanen ƙasar nan ba su iya kiyaye lokaci ba. Inda aka tsai da lokaci, ana kiyaye shi. Abin da ya ba kamfanonin nan ikon tashi a kan lokaci shi ne sun san kuɗinsu tun kafin mota ta tashi. Ƙaramar motar karkara ita ce ba ta da wannan tabbaci.

Wa ke biyan hasara?

Ana ɗauka wahalar ta ma'aikaci ce shi kaɗai. Ba haka ba ne. A ɗauka, don misali, malami yana makara awa 1 kowace rana. A mako awa 5 ke nan, a wata awa 20, daga Oktoba zuwa Yuni kuwa awa 180. A makarantar da ake karatu awa 30 a mako, wannan daidai yake da mako 6 da aka rufe aji. Yaron da aka rage wa mako 6 kowace shekara, tun daga ajin farko har na 6, an rage masa kusan shekarar karatu guda. Jarrabawa kuwa ɗaya ce gare shi da ɗan birni. Uban da ya ga ɗansa yana zaune bakin aji har hantsi ba malami, gobe gona zai tura shi, kuma ba mai iya ganin laifinsa ƙwarai.

Haka abin yake a ɗakin magani. Mace ta yi sammako da yaro mai zazzaɓi, ta tako daga ƙauye a ƙafa, ta tarar ƙofa a rufe. In ta jira ta gaji, sai ta koma wurin mai tallan ƙwayoyi a kasuwa. Manomin da ya bar gonarsa don takardar haihuwar ɗansa, aka ce sakatare bai iso ba, da wuya ya sake komowa. A idon talaka, gwamnati ita ce wannan ƙofa. In ya tarar da ita a rufe, ba zai ce mota ce ba ta cika ba, cewa zai yi ma'aikata ba su son aiki.

Ba a ce kowane ma'aikaci mai gaskiya ba ne. Akwai wanda mota ta zame masa mafaka: ya yi barcinsa har rana ta take, ya zo ya ce taya ce ta fashe. Akwai wanda aka ba ɗaki a ƙauye ya ƙi, don yana ganin zaman karkara ƙasƙanci ne. Irin waɗannan horo ya dace da su, kuma doka ta tanadi hakan. Amma shugaban ma'aikata da ya haɗa su da wanda ke tasha tun asuba, ya rubuta musu takarda iri ɗaya, ya bar jaki yana dukan taiki. Ba ma a iya rarrabe malalaci da mai himma sai ran da aka sami motar da ke tashi a kan lokaci, domin ran nan ne hujja za ta ƙare.

Abin da za a iya yi ba da jiran Yamai ba

Na farko shi ne motar farko mai lokaci. A kowace hanya da ma'aikata ke bi, a zauna tsakanin hukumar komin da sandikar masu motoci da wakilan ma'aikata, a tsai da mota ɗaya da za ta tashi da safe a lokacin da aka yanke, ko ta cika ko ba ta cika ba, ta kuma komo da marece. Don kada direba ya yi hasara, ma'aikatan hanyar su biya kuɗin kujerunsu na wata tun ranar albashi, kamar yadda ake zubin adashi. In mutum 10 ko 12 suka yi haka, kuɗin mai ya tabbata, sauran kujeru kuwa riba ce. Ƴan kasuwa da marasa lafiya su ma, da sun san akwai motar da ba ta saɓa lokaci, ita za su nema. Direbobi su riƙa karɓa-karɓa don kada a ce an fifita wani.

Na biyu, komin da ke karɓar kuɗin tasha ya sauke nasa nauyi. Yana iya yafe wa motar farko kuɗin tasha, ya kafa allo a bakin ƙofa da aka rubuta lokacin tashi da kuɗin kowane zango, da faransanci da hausa, da boko da ajami. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci za su karanta wa ƴan'uwansu, gardamar kuɗi tsakanin fasinja da yaron mota kuma ta ragu.

Na uku, gidan malami. Ƙauyen da ya iya haɗa hannu ya gina masallaci da rumbun tsimi da ajin zana, zai iya gina ɗaki 2 na ƙasa da kewaye don malaminsa ko ungozomarsa. Kwamitin kula da makaranta da maigari su sa wannan cikin aikin gayya na rani. Duk ma'aikacin da ya tare a ƙauye, an rage mutum ɗaya a tasha.

Na huɗu, masu rarraba ma'aikata su dubi taswira kafin su sa hannu. Aika mai goyo ƙauyen da mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa, alhali ga saurayi marar iyali an bar shi bakin kwalta, shirya makara ne tun daga ofis.

Na biyar, wuraren da ke tsai da mota sanannu ne, kowane direba yana iya lissafa su da yatsunsa: wancan tudun rairayi, waccan ƙorama. Zuba jar ƙasa a irin waɗannan wurare da ɗan gini a mashigar ruwa bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba, amfaninsa kuwa na kowace safiya ne.

Jama'a sun yi murna da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maradi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu 2021. Babban aiki ne, kuma zai amfani fatauci. Amma jirgin ba zai kai malama makarantarta a ƙasar Korgom ba, ba zai kuma kai ungozoma Isawan ba. Wannan aiki ne na ƙaramar mota, da ƙaramin shiri, da mutanen da ke zaune gari ɗaya suna gaisawa kullum: shugaban komin, da shugaban sandika, da sufeton makarantu, da babban likita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma waɗannan huɗu in sun zauna zama ɗaya sun isa su tsai da lokaci. Ran da malami ya tambayi ɗan kamasho yaushe za ta tashi, aka ce masa ƙarfe 6 da rabi, ta kuwa tashi, ran nan yaran ƙauye za su tarar da malaminsu ya riga su isa bakin aji.